Ya haura katanga ya buɗe ɗaki da mukullina, wai ba fasa gida ba ne?

Tela Mai Keke:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin shari'a ku taimaka min, kaina ya ɗaure.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki, a wata unguwa ta bayan gari a nan Kano. Maigidana direban babbar mota ne, in ya yi Legas ko Fatakwal sai ya kwana goma bai dawo ba. Sati uku da suka wuce na kwashi yara muka tafi Bichi bikin ƙanwata ran Alhamis, muka dawo ran Asabar bayan la'asar. Ƙofar gida na same ta yadda na bar ta. Ɗakin ɗinki ma da kwaɗonsa a rufe. Sai da na buɗe na tarar da teburin keke tsirara, an kwance kan an tafi da shi, bel ɗin yana reto. Turmi 11 na atamfa da leshi biyu, duk na mutane, babu. Sarƙa da ɗan kunne na gwal da na saya da kuɗin gadon babana, babu. Kuɗin adashi naira 140,000 da ke cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin zarurruka, gwangwanin yana nan, har an mayar masa da murfi.

Zama na yi a ƙasa, na ma kasa kuka. Babbar 'yata ce ta lura da bokitin wankina a kife a jikin katangar baya, da sawun silifas a kan farar ƙasar da muka shafa da ƙaramar sallah. Mukullin ɗakin kuwa, gaskiya zan faɗa, a ƙarƙashin bulon da ke bayan randa nake ajiye na biyun. An ɗauka, an buɗe, an kwashe, an rufe, an mayar da shi wurinsa.

Kwana shida bayan nan mai gyaran kekena ya kira ni. Ya je wajen wani abokin sana'arsa neman kwarkwaro, sai ya ga kan Butterfly a ajiye, ya gane shi saboda walda da shi da kansa ya kai aka yi a jikin wilin bara. Mutumin ya ce wani yaro ne ya kawo masa, ya saya naira 25,000, abin da ko tsoho ne ba za ka same shi a wannan kuɗin ba. Aka bi sawu, sai ga shi ɗan maƙwabciyarmu ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shekararsa 19. Yaron da nake aika sayen zare, wanda ke ɗebo min ruwa in famfo ya ɗauke, wanda na ɗinka wa kaftani kyauta da sallar da babansa ya rasu. 'Yan sintiri suka kama shi, suka ɗan taɓa shi kafin su kai shi ofishin 'yan sanda, ya amsa cewa shi ne ya haura, abokinsa yana waje yana karɓar kaya ta kan katanga, lokacin da mutane ke masallaci sallar asuba ta Juma'a. Abokin ya gudu da gwal ɗin da kuɗin. An samo kan keke da turmi huɗu.

To ga abin da ya kawo ni. Kawun yaron, wanda ya ɗan yi boko, yana ta yawo a unguwa yana cewa 'yan sanda sun yi ƙari da suka rubuta fasa gida, tunda ba a ɓalle kwaɗo ba, ba a fasa bango ba, ba a karya ƙofa ba, kuma da safe ne ba da dare ba. Wai ƙaramar sata ce kawai. Mai unguwa da liman sun zo har sau biyu suna roƙon in janye, dangin yaron za su riƙa biyana a hankali. Uwar yaron kullum tana zaurena tana kuka, wani ya gaya mata za a yanke masa hannu. Masu atamfa suna ta kira. Kekena kuma yana ofishin 'yan sanda, an ce kayan shaida ne, ni kuwa da shi nake ci.

Maganar kawun nan gaskiya ce? In na ce na yafe, magana ta ƙare? Kuma wanda ya sayi keken, shi ba ruwansa? Abin da ban iya gaya wa mai unguwa ba shi ne, tun ran nan ban ƙara barcin kirki a gidan ba. Ko kyanwa ce ta taka kwano sai na tashi zaune.

Tsohon Magatakarda:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya mayar miki da alheri. Na yi shekaru ina riƙe da rajistar kotun majistare kafin in yi ritaya, irin wannan ƙarar kuwa na rubuta ta har hannuna ya gaji.

Kawun yaron kalmar Hausa ce ta ruɗe shi. Mu in mun ce fasa, sai an ga tarkace a ƙasa. Doka ba haka take kallon abin ba. Kundin da muke aiki da shi a Arewa, Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, an ɗauko shi daga na Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860, kuma a can aka jero hanyoyi shida da in mutum ya shiga gida ta ɗayansu, ya fasa gida. A namu kundin, sashe na 346 ke nan a tsohon lissafi. Akwai wanda ya huda hanya da kansa. Akwai wanda ya bi ta inda ba a yi don mutum ya bi ba, ko ya haura katanga. Akwai wanda ya buɗe kwaɗo ko makulli don ya shiga. Akwai wanda ya shiga da ƙarfi ko barazana, da wanda ya kwance abin da ya san an ɗaure don a hana shiga. Yaron nan ya haura, sannan ya buɗe kwaɗo, biyu ke nan a tafiya ɗaya. Da mukullinki ya buɗe, amma ba ke kika ba shi ba. Kai, ko ta ƙofa a buɗe ya shiga ya laɓe, sannan ya fita ta kan katanga da kaya, fitar ma tana shiga lissafi. Bokitin nan da kika gani a kife, da ma kin ɗauki hotonsa.

Batun safe da dare kuma, nan ma ya faɗi. Sashe na 347 ya ce fasa gida da dare shi ne wanda aka yi bayan faɗuwar rana kafin fitowarta. Sallar asuba ai rana ba ta fito ba. Mu a wurinmu an kira assalatu gari ya waye, amma a takarda dare ne. A Kudu, inda suke da nasu kundin, agogo suka sa: daga ƙarfe 6:30 na yamma zuwa 6:30 na safe. A wurinsu fasa gidan kwana da rana shekara 14 ne, da dare kuma yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai.

Ki lura da yadda matakalar take hawa. Sata zalla, a tsohon kundin, iyakarta shekara 5, sashe na 287. In a cikin gidan da ake kwana ko ake ajiyar kaya aka yi ta, ta koma 7, sashe na 288. In aka haɗa da fasa gida sai ta ƙara hawa, in da dare ne ta hau fiye da haka. In kuwa akwai mutum a ciki aka tsorata shi ko aka nuna masa makami, an bar maganar sata an shiga fashi, kuma fashi da makami a dokar tarayya ta 1984 hukuncinsa kisa ne. Keken nan ɗaya ne, kuɗinsa bai canza ba ko a bakin titi aka ɗauke shi ko a ɗakinki. Abin da ke ƙara nauyin shi ne inda aka shiga, da yadda aka shiga, da lokacin. Rashin barcin nan da kika ce kin kasa gaya wa mai unguwa, shi masu rubuta dokar suka hango. Da a ce kin fasa tafiya Bichi, ya diro ya same ki da yara, me kike jin zai faru? Na ga ƙararraki da suka fara da satar talabijin suka ƙare a babbar kotu da tuhumar kisa, don kawai mai gida ya farka.

Amma kada lambobin nan su tsorata ki ko uwar yaron. Iyaka ce doka ta sa, ba dole alƙali ya kai can ba, kuma kowane majistare yana da iyakar shekarun da matsayinsa ya ba shi ikon yankewa. Yaro ɗan 19, karon farko, ya amsa laifi, an samo wasu kayan: irin wannan na sha ganin an ba shi watanni ko shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci da zaɓin tara, a kuma umarce shi ya biya mai kaya. Sashe na 78 ya ba alƙali ikon sa mai laifi ya biya diyya, ko a kan hukuncin ko a madadinsa. Wannan sashen ki riƙe shi, don mutane da yawa ba su san su roƙa ba, sai a ɗaure ɓarawo su koma gida hannu rabbana.

Mai sayen keke kuwa yana da ruwa har wuya. Karɓar kayan sata, in ka sani ko kana da dalilin da zai sa ka zargi na sata ne, shekara 14 ne a sashe na 317. Ya fi na satar kanta. Mai gyaran keke ya san farashin kan Butterfly fiye da ni da ke, yaro ya kawo masa ba tebur, ba rasit, a rubu'in kuɗinsa, bai tambaya ba?

Ɗan Sintiri:

Hajiya kar ki janye wallahi. Mu ne muke kwana a waje da tocila da gora, mun san su ɗaya bayan ɗaya. Ka kama yaro yau, ka kai shi, jibi ka gan shi a majalisa yana maka dariya. Shi ya sa tun a hannu muke ba su rabonsu. In kika yafe, gidan gaba zai shiga, kuma wannan karon da wuƙa a ƙugu. Uwarsa da take kuka yanzu, ina take lokacin da yake shigowa da atamfa turmi-turmi?

Tela Mai Keke:

Baba Magatakarda na gode, Allah ya ƙara girma. Wallahi sai yanzu na ji kamar ba hauka nake ba, don kawun nan ya sa har na fara jin kunyar cewa an fasa min gida. Hoton bokitin 'yata ta ɗauka a waya, da na sawun.

Malam Ɗan Sintiri, uwar ba ta ga komai ba, a kangon bayan layinmu suka ɓoye kayan. Matar nan ƙosai take soyawa a bakin titi tun rasuwar mijinta. Kuma dukan da aka yi masa ban ji daɗinsa ba, na gan shi a bayan kanta idonsa ɗaya a kumbure, ya kasa kallona. Haushinsa nake ji har yanzu, amma ban aiki kowa ya dake shi ba.

Almajirin Zaure:

Malama, Allah ya ba da haƙuri. Zan taɓa ɓangaren fiƙihu, tunda maganar yanke hannu ta shigo kuma tana hana wata baiwar Allah barci.

Haddin sata yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 38, babu mai musun wannan. Amma malamanmu na Malikiyya sun kewaye shi da sharuɗɗa. Dole abin ya kai nisabi, rubu'in dinari na zinariya ko dirhami uku na azurfa, wato gwal da ya ɗan haura giram ɗaya. Kayanki sun wuce nan nesa. Dole kuma a ɗauke shi a ɓoye daga hirzi, ma'ana ma'ajiyar da aka saba adana irin wannan abu a cikinta, a kuma fitar da shi daga cikinta. Wanda aka kama a cikin ɗaki ya tara kaya bai fita da su ba, ba a yanke shi, sai dai a yi masa ta'aziri, wato horon da alƙali ya ga ya dace. Wanda ya fizge abu a bainar jama'a ya ruga, shi ma ba haddin sata ba ne. Kin ga abin da Baba Magatakarda ya faɗa game da katanga da kwaɗo, fiƙihu ya riga ya tsaya a kansa ta wata ƙofar: keta ma'ajiya shi ne ke mayar da ɗauka ta zama babbar sata.

To a nan ne maganarki take da sarƙaƙiya. A cikin Risala an ce wanda ya yi sata a ɗakin da aka yi masa izinin shiga, ba a yanke shi, domin ya fi kusa da maha'inci. Yaron nan yana shiga gidanki, kina aikensa. Mai kare shi zai kama wannan. Mai tuhuma kuma zai ce izinin na lokacin da kike nan ne, ran da kika kulle kika tafi izini ya yanke, shi ya sa ma ya bi ta katanga. Ni a fahimtata magana ta biyu ta fi ƙarfi, amma alƙali ne zai auna, kuma ana tunkuɗe haddi da shubuha. Sannan ba a tabbatar da shi sai da shaidu biyu adilai ko iƙirari, iƙirarin da aka samu da duka kuwa ba abin dogaro ba ne, kuma in mutum ya janye iƙirarinsa haddi ya faɗi, biyan dukiya dai yana nan a wuyansa. Tun da Zamfara ta fara a 2000, aka yanke hannun Buba Jangebe a watan Maris na shekarar kan satar saniya, waɗanda aka zartar wa hukuncin a duk jihohin ba su da yawa, don sai an gama ɗaukaka ƙara kuma gwamna ya sa hannu. Ki gaya wa maƙwabciyarki ta kwantar da hankalinta, musamman in kotun majistare aka kai ƙarar, ba kotun shari'ar Musulunci ba.

Game da yafiya, akwai ƙissar Safwan ɗan Umayya. Yana barci a masallaci ya yi matashi da mayafinsa, wani ya zare, ya kama shi ya kai wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da aka yi umarnin yanke hannu sai Safwan ya ce bai nufi haka ba, ya bar masa mayafin sadaka. Aka ce masa, me ya hana ka yi haka kafin ka kawo shi? Daga nan malamai suka ce ceto da sulhu wurinsu kafin magana ta kai ga hukuma. Haƙƙinki na dukiya kuwa naki ne har kullum, kina iya yafewa, kina iya bi.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma zai zo miki: atamfofin mutane. A mazhabarmu, mai sana'a da ke karɓar kayan jama'a ya tafi da su wurinsa, kamar tela da marini da maƙeri, shi ke da lamunin abin da ya salwanta a hannunsa, sai in an kafa shaida cewa ya salwanta ba da sakacinsa ba. An yi haka ne don kare dukiyar mutane. Ke kina da shaida mai ƙarfi cewa sata aka yi, tunda an kama ɓarawo da kayan. Inda za a ja ki shi ne mukullin bayan randa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, wata a cikin masu kayan za ta faɗa miki haka. Shawarata ki tara su ki yi musu bayani tun kafin su ji a bakin wasu, ku daidaita.

Lauya 'Yar Zariya:

Anti sannu da wannan jarrabawa. Baba ya yi bayani mai kyau, ƙari kaɗan zan yi. Lambobin sassan da ya kawo na kundin asali ne. Jihohi sun yi wa nasu gyara, Kaduna ma sabo ta yi gaba ɗaya a 2017 kuma lambobin sun sauya, don haka ki karanta abin da aka rubuta a takardar ƙarar da 'yan sanda za su kai kotu, ki ga sassan da idonki.

Janyewa ba a hannunki kaɗai take ba. Laifi irin wannan tsakanin gwamnati ne da wanda ake tuhuma, ke mai ƙorafi ce kuma babbar shaida. Akwai ƙananan laifuka da doka ta yarda a sasanta, akwai waɗanda sai kotu ta amince, fasa gida da dare kuma ba ƙaramin laifi ba ne. A aikace, in kin tsaya gaban alƙali kin ce dangi sun zo an yi sulhu, ga abin da aka biya ga abin da ya rage, yawanci yana saurara, kuma yana tasiri a hukuncin. Abin da ba na so ki yi shi ne ki karɓi alƙawarin baki a zaure ki daina zuwa kotu. Ƙarar za ta mutu don babu shaida, su kuma daga wata na biyu za ki fara jin "wallahi abubuwa ne suka yi tsauri". Duk abin da aka yarda a rubuta shi: nawa, duk wata nawa, wa ya tsaya, mai unguwa ya sa hannu, a kai gaban alƙali ya shiga cikin rikodin kotu.

Malam Ɗan Sintiri, da girmamawa, rabon nan da kuke bayarwa shi ke sakin ɓarayin da kuke kuka da su. Dokar shaida ta 2011, sashe na 29, ta ce iƙirarin da aka samu ta hanyar azabtarwa kotu ba za ta karɓa ba. Lauya ya ga ido a kumbure, ya gama samun abin faɗa. Doka ta ba kowa ikon kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Kare kai da dukiya lokacin da ɓarawo yake cikin gida da dare daban, dukan wanda aka riga aka kama aka riƙe daban, na biyun laifi ne da ake tuhumar mutum a kansa. Ɗaliban nan huɗu na jami'ar Fatakwal da aka kashe a Aluu a 2012, da ihun ɓarayi aka fara, kuma daga baya kotu ta yanke wa wasu daga cikin masu hannu hukuncin kisa.

Sa'ar da aka yi a nan, ƙarar ba ta rataya a kan bakin yaron kaɗai ba. Sashe na 167 na dokar shaidar ya ba kotu damar ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar, ko shi ne ɓarawon ko ya karɓa da sani, sai in ya kawo bayani mai gamsarwa. Mai gyaranki da ya gane waldar shaida ne mai daraja, ki riƙe shi da kyau, ki biya masa kuɗin mota ran zaman kotu.

Keke kuma ba sai an gama shari'a ba. Ki rubuta takardar roƙo a ba ki shi a kan sharaɗin za ki kawo shi duk ran da kotu ta nema, a ɗauki hotonsa da lambar jikinsa. Kafin a kai ƙara wurin babban jami'in ofishin za ki kai, in an riga an kai sai ki roƙi alƙali. Ki nuna da shi kike ciyar da yara. Turmi huɗun ma haka.

Wani abu ya tsaya min: kin ce sati uku, kama shi kuma ya kai sati biyu. Yana ina yanzu? Tsarin mulki, sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Kuma in sun kama wani ɗan'uwan abokin da ya gudu don ya fito da shi, wannan haramun ne a doka, ba a kama wani a madadin wani.

Ɗan Maraɗi:

Mu nan Nijar dokarmu daga ta Faransa aka ɗauko ta, amma abin da tsohon ya faɗi haka yake. Alƙali yana ƙirga abubuwan da suka raka satar: dare ne, mutum biyu ne ko fiye, an haura, an ɓalle, an yi aiki da mukullin da ba naka ba, akwai makami. Kowane ɗaya yana ƙara nauyi. Wani ƙanena an shiga shagonsa ta rufin kwano, jandarmomi da suka zo ba su fara tambayar abin da aka ɗauka ba, sai da suka hau suka duba inda aka yanke kwanon. Allah ya tsare gaba, Hajiya.

Tela Mai Keke:

Na gode muku duka, ga inda aka kwana. Barista, yaron an kai shi kotun majistare tun kwana huɗu da kama shi, an ba da beli amma ba su cika sharaɗi ba, yana gidan yari yana jiran zama na gaba. Mai sayen keke ma an haɗa da shi, shi ya samu beli. Ba a kama kowa a madadin wanda ya gudu ba, an ce an gan shi a wata tasha a Abuja.

Na rubuta takardar keke kamar yadda kika ce, wani mai shago ya buga min a kwamfuta. Sau uku na je kafin a sa hannu, na kashe kuɗin adaidaita da wasu 'yan kuɗaɗen da ba a ba ni rasit ba, amma shekaranjiya na dawo da shi a buhu. An ɓatar da farantin allura, mai gyarana ya sa wani. Jiya na ɗinka riga biyu.

Malam Almajiri, na tara masu atamfa kamar yadda ka ce. Mutum bakwai ne abin ya shafa. Uku sun ce sun yafe, ɗaya har da kawo min kwanon shinkafa. Uku mun yi da su zan riƙa yi musu ɗinki ba kuɗi har ya kai kuɗin kayansu. Ta bakwai, mai leshin, ta ce ita kuɗinta take so kafin bikin ɗanta, kuma ta faɗi maganar mukullin nan, kusan yadda ka faɗa. Ban yi musu da ita ba.

Maigidana ya dawo, shi da mai unguwa da kawun suka zauna. Na ce sharaɗina biyu: a rubuta, kuma a kai gaban alƙali. Kawun ya fara cewa ai tsakanin maƙwabta ba a buƙatar takarda, sai maigidana ya ce tsakanin maƙwabta ma ba a buƙatar haura katanga. An rubuta naira 20,000 duk wata, kawun ne ya tsaya, ba uwar ba, ni na nace a kan haka don na san abin da kaskon ƙosai yake kawowa. Gwal ɗin na cire rai da shi. Ran 14 ga wata za mu koma kotu, zan faɗi abin da ya faru yadda ya faru, in kuma gaya wa alƙali an fara biya. Abin da ya yanke shi ke nan.

An ƙara bulo uku a kan katangar baya an dasa kwalabe, mukulli na biyu kuma yana wurin yayata a wata unguwa. Barci dai har yanzu sai a hankali. Tambaya ta ƙarshe Barista: ran zaman, dole ne in tsaya kusa da shi in ina ba da shaida, ko akwai tazara tsakanin akwatin shaida da inda yake?